Daga gora zuwa inji: yadda jirgin masunta ya sauya a Madekali

Madekali tana bakin Kwara ta ɓangaren Benin, gangare kaɗan da Malanville, daidai inda ƙasashe uku suka haɗa kafaɗa. Tsallaken ruwa ƙasar Gaya ce ta Nijar. In kuwa aka saki jirgi ya bi ruwa, ba a jima ba sai ga Lolo da Illo na Jihar Kebbi. A takardun hukuma ɗaya ce daga gundumomi biyar na Malanville, cikin lardin Alibori. A bakin mutane kuwa tsohon garin Dendi ne, sa'ar Karimama da Tanda da Gaya, wanda ya riga Malanville kafuwa nesa ba kusa ba. Dendawa, Kyangawa, Zabarmawa, Fulani da Hausawa duk ruwa ɗaya suke sha a nan, kuma kowannensu yana da ranar da zai bukaci jirgi.

Wanda ya tsaya a mashaya ya ƙare wa jiragen da ke ɗaure kallo zai ga babu biyu da suka zo ɗaya. Inda kafinta ya ajiye guduma, nan mai jirgi yake fara nasa aikin. Wani ya ƙara katako a gefe don kada igiyar ruwa ta riƙa faɗowa ciki. Wani ya shimfiɗa dandamali a goshi inda zai tsaya ya jefa birgi. Wani ya datse gindin jirgin ya kafa katako mai kauri saboda inji. A Amurka da Turai akwai masu kamun kifin nishaɗi a tafkuna da ke sayen ɗan jirgin roba na hurawa, mai tiyub biyu da kujera a tsakani, su yi ta ƙara masa mariƙin sandar fatsa, anga, ƙaramin injin batir da na'urar gano kifi. Sha'awar ɗaya ce da ta masuncin Dendi, sai dai shi tasa ta cin abinci ce, kuma ta girmi tasu da ɗaruruwan shekaru.

Mafi kusa da wancan jirgin roba a wannan yanki shi ne gora. Ƙaton duma ne da ake bari ya ƙosa, a busar, a huda masa baki daidai shigar hannu da kifi. Masunci ya kifa cikinsa a kai, ya riƙe homa hannu bibbiyu, yana tuƙi da ƙafa. Abin da ya kama ya jefa cikin gorar, ita ce jirginsa, ita ce kuma ma'ajinsa. Kowa da girman da ya dace da nauyinsa, kowa da yadda yake ɗaura mata igiya, in ta tsage kuma a kai wa gyartai ya ɗinke. Kabawa ne suka fi shahara da ita. Duk wanda ya taɓa ganin hoton bikin kamun kifi na Argungu, dubban mutane sun auka Matan Fada lokaci guda, to ya ga gora a bakin aikinta. Bikin ya samo siffarsa ta yanzu ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai Argungu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Amma gora ba ta biki kaɗai ba ce. Kayan aikin tafki ne da fadama, inda ruwa ya kwanta bayan ambaliya ta janye, kuma irin waɗannan tafkuna suna nan birjik a kwarin Kwara, hagu da dama. A yau jarka mai lita 25 da tsohon tiyub na mota sun karɓe mata aiki a wurare da yawa, don ba sa fashewa da sauƙi kuma ba sai an jira kaka ba.

A tsakiyar kogi kuwa, inda ruwa ke gudu, dole sai itace. Sassaƙa jirgi daga gungume guda tsohuwar sana'a ce ƙwarai a wannan sashe na Afirka. A 1987 wani Bafulatani mai haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. Da masana daga jami'o'in Maiduguri da Frankfurt suka tono shi a 1994, aka tarar tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma wajen 8,000. Babu jirgin da aka taɓa samu a Afirka da ya kai shi tsufa, kuma sassaƙarsa ta gwani ce, goshi da gindi duk a fiƙe.

Matsalar masassaƙin Dendi ita ce itacen. Maɗaci shi ne zaɓin farko, don yana jure ruwa kuma gara ba ta cika damunsa ba. Akwai maje, akwai rimi mai sauƙin sassaƙa da saurin ruɓewa. Amma ƙasar ba kurmi ba ce, kuma samun bishiya miƙaƙƙiya mai kaurin da za ta ba da babban jirgi ba kullum ba ne. Dabarar da aka yi ita ce ɗinki. Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya tsallaka Kwara a Say cikin Yunin 1853, ya kuma bayyana jiragen da suka fitar da shi: gungume biyu aka rarake aka ɗinke su a tsakiya, tsawon ya kai kamar ƙafa 40, suna ɗaukar mutane da kaya har da raƙuma. Kafin shi, René Caillié ya yi tafiya daga Jenne zuwa tashar Tambutu a 1828 cikin manyan jiragen da aka haɗa allunansu da igiya, ba ƙusa ko ɗaya. Jirgin ɗinki yana yoyo, wannan ba makawa, shi ya sa kullum akwai yaro mai ƙwarya yana kwarfe ruwa. Amfaninsa shi ne yana lanƙwasa maimakon ya karye in ya hau dutse ko yashi, kuma in igiya ta ruɓe ana iya sake ɗinki a kowace gaɓa, ba sai an nemi maƙeri ba.

Masu wannan ilimi su ne Sorko, masuntan Songhai, waɗanda jikokinsu da suka zauna a Kabi da Yauri suka rikiɗe Hausawa ake kiransu Sarkawa. Daular Songhai a kan jiragensu ta tsaya. Sonni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, da rundunar jirage ya yi wa Jenne ƙawanya, kuma a fadar Gao akwai sarauta ta musamman ta shugaban jiragen ruwa. Kanta na Kabi, da ya ɓalle daga Askiya, sarkin Songhai, wajen 1516, shi ma sarkin fadama ne, kuma labarin baka ya ce yana da jirgi da aka lulluɓe da tagulla wanda yake zaga ƙasarsa da shi lokacin cikar ruwa. Bayan sojojin Maroko sun karya Songhai a Tondibi a 1591, Dendi ce Askiya Nuhu ya ja da baya zuwa cikinta ya ci gaba da yaƙi. Tsibirai da fadamu da dazuzzukan bakin ruwa sun yi wa Dendawa katangar da bindigogin Marokawa suka kasa ketarewa. Sarautun Dendi na wannan kwari da wancan zamani suke danganta asalinsu.

Sorko ba kifi kaɗai suke nema ba. Su ne mafarautan dorina, da zago mai igiya da abin yawo a kan ruwa da ke nuna inda dabbar ta nutse. Jean Rouch, Bafaranshen da ya bi Kwara daga mafari har teku tare da abokansa biyu a 1946 zuwa 1947, ya dawo ya ɗauki fim ɗin wannan farauta a yankin Ayorou a farkon shekarun 1950. A ciki ana ganin mafarauta sun haɗa babban jirgi na musamman saboda aikin, ana kuma ganin tsohon toron dorina ya ragargaza shi. Rouch ya kuma yi rubutu a 1950 a kan Sarkawa masu tasowa daga Najeriya su haura kogi da iyalansu, har ƙasar Mali ta yau, suna su suna banda, sannan su gangaro da kifin su sayar. Dole hanyarsu ta ratsa gaban Madekali, hawa da sauka. Jirgin irin wannan tafiya gida ne sukutum: rumfar tabarma a tsakiya, murhun yumɓu a kan yashi don kada wuta ta taɓa katako, tukwane, turmi, kaji, da ƙananan kwalekwale ɗaure a gefe waɗanda da su ake ainihin sun.

Akwai kuma fito. Ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato masu zuwa Gwanja sayen goro sai sun tsallaka Kwara kafin su kama hanyar Kandi, Nikki da Djougou zuwa Salaga, kuma mashigan wannan yanki, tsakanin Illo da Gaya da Karimama, suna cikin waɗanda suke bi. Gishirin Fogha ma ta nan yake tsallakawa. Fitar da ɗaruruwan jakuna da kayansu aikin kwanaki ne, kuma sarakunan bakin ruwa da masu jirage sun ci moriyarsa sosai. Jirgin fito faɗi yake so da zurfin ciki, na su kuwa siriri mai saurin juyawa. Tun wancan zamani aka san bambancin.

Turawan da suka ratsa wannan ruwa su ma gyare-gyaren suka yi. Mungo Park a 1805 ya samu tsofaffin jirage biyu a Sansanding, ya yanke ruɓaɓɓun sassan, ya haɗa masu kyan suka zama ɗaya mai tsawon ƙafa 40, ya raɗa masa suna Joliba. Da shi ya wuce Dendi kafin ya halaka a duwatsun Bussa a farkon 1806. Shekara casa'in bayan haka, a 1896, hafsan sojan ruwan Faransa Hourst ya gangaro da jirgin alminiyam da aka kawo gunduwa-gunduwa aka haɗa a Mali, yana auna zurfin kogi yana zana taswira. Abin da ya biyo bayan awon shi ne rabo. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yunin 1898 ta sa iyaka ta taɓa gaɓar dama ta Kwara mil 10 sama da Giris, tashar jiragen Illo. Da wannan layi Illo ta faɗa hannun Ingila, Madekali hannun Faransa, masuncin da ya saba kwana a nan ya yi sammako can ya wayi gari yana da ƙasashe.

Duk da haka kogi ne ke tsara siffar jirgi, kuma Kwara a nan sau biyu take cika a shekara. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta da Satumba, ruwa ja wur da laka daga Mekrou, Alibori, Sota da sauran rafuka. Shi ne mai haurawa ya shanye gonakin shinkafa ya cika tafkuna, kuma lokacin ne kifi ke shiga ciyawa ya yi ƙwai. Ta biyu ruwan saman Gini ne, wanda ya ɓata watanni yana ratsa fadamun Mali, sai ya iso Dendi da sanyi, wajen Janairu da Fabrairu, mai duhu kuma tatacce. Daga nan sai ja da baya har Mayu da Yuni, lokacin da yashi ke fitowa tsakiyar kogi. Jirgin da zai yi aiki duk shekara dole ya iya shiga ciyawa da gwangwala, ya iya yanka ruwa mai ƙarfi da filafili, ya kuma iya wucewa inda ruwa bai kai gwiwa ba. Shi ya sa shimfiɗaɗɗen ƙasa ya yi nasara a kan kowane irin tsari.

Babban sauyi ya zo ne a ƙarni na 20, kuma kashi uku ya zo. Na farko katakon injin yanka da ƙusa. Da hanyoyin mota suka buɗe, aka kuma gina gadar Malanville zuwa Gaya a 1958, allunan katakon kurmi daga kudancin Najeriya da Dahomey suka fara isowa arewa. Kafinta ya maye gurbin masassaƙi. Yanzu tsawon jirgi ya daina dogara ga tsawon bishiya, ya koma ga aljihun mai saye. Ana jera alluna, a buga ƙusa a lanƙwasa bakinta, a cusa tsumma ko auduga a tsakani, a bi da kwalta, inda ya tsage kuma a buɗe gwangwani a lika. Yauri ta yi suna da wannan aiki. Jirgin katako bai kai sassaƙen maɗaci daɗewa ba, amma ya fi sauƙin samu, kuma ana iya canza allo ɗaya a bar saura. Manyan maɗatan bakin kogi ma dai sun yi ƙaranci, hukumomin gandun daji kuma sun sa ido a kan sauran.

Na biyu zaren nailan. Komar da, ta rama ce ko auduga, saƙar hannu, mai nauyi in ta jiƙe, mai ruɓewa in ba a shanya ta ba. Saƙa taru guda aikin watanni ne na gida ɗaya, don haka yawan koma a ruwa yana da iyaka ko ba doka. Daga shekarun 1950 zuwa 1960 nailan ya shigo kasuwa a dunƙule, sai a auna a yanka. Kalli ya yawaita, mamari mai ɗaruruwan ƙugiyoyi ya yawaita, daga baya gurar Mali ta bazu ko'ina. Sauran kayan kuma masunci ya haɗa da abin da ya samu: dalmar tsohon batir ta zama nauyin birgi, yankakken silifa ya zama abin da ke riƙe kalli a sama, jarka ta zama alamar inda aka kafa, buhun shinkafa da aka farke aka ɗinke ya zama filafilan iska. A nan ne su ya fita daga hannun gidajen gado. Manomi ma in ya sayar da albasa yana iya sayen koma da ɗan kwalekwale, ba tare da ya san ranakun da Sarkin Ruwa ya hana shiga ko tafkin da aka ajiye sai an yi gayya ba. Wannan buɗi ya ciyar da gidaje da yawa, ba a musu. Amma dokokin gargajiya da ke ba kifi hutu da shi suka raunana, kuma dokar hukuma ba ta cike gurbin ba.

Na uku inji. Yamaha ce ta mamaye kogin, mai doki 15 ga matsakaicin jirgi, 25 ko 40 ga na kasuwa. Tsohon jirgi mai fiƙaƙƙen gindi ba shi da inda za a rataya inji, don haka ko a datse gindin, ko a yanka rami kusa da shi a zura ƙafar injin. Nauyi ya koma baya, sai aka ɗaga goshi aka ƙara tsawo. Tafiyar da Sarkawa ke yi wata da watanni da gwangwala ta dawo ta kwanaki. Mai sayen kifi ya daina jira a kasuwa, ya sa tsohon firij cike da ƙanƙara a jirgi yana bin masunta har sansaninsu, kuma giwan ruwa da ragon ruwa da a da sai an banda suka fara isa Gaya da Malanville ɗanye. Arhar man Najeriya ce ta riƙe wannan tsari shekaru da dama, shi ya sa cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ya taɓa kowane mai inji a wannan gaɓa.

Abin takaicin shi ne jirgi yana ƙara kyau, kogi yana ƙara rama. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 ta haifar da tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000 a gangaren Yauri, ta ja masunta da yawa can, ta kuma tare hanyar kifin da ke haurowa daga kudu. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1984 sun rage ambaliya, har a Yunin 1985 Kwara ta tsaya cak a Yamai. In ruwa bai hau fadama ba kifi ba ya haihuwa yadda ya kamata. Yashi ya cike gurabe masu zurfi. Wata baƙuwar kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta shigo tana toshe mashigai tana naɗe farfelar inji. Masunci ya mayar da martani da abin da ke hannunsa, wato ya ƙanƙanta idon koma, wasu har da gidan sauro. Kifin da ake kamawa da irin wannan bai kai ya yi ƙwai ba, kuma kowa a bakin ruwa ya san haka, har mai yin.

Jirgin roba na hurawa fa? A Faransa kamfanin Zodiac ya fara ƙera shi tun shekarun 1930, kuma Alain Bombard ya tsallaka Tekun Atalantika da irinsa a 1952, don haka ba raini ne ya hana shi karɓuwa ba. A Kwara ana ganinsa hannun jami'an tsaro da masu aikin ceto. Masunci kuwa yana da hujjojinsa. Ƙayar ƙurungu da ta tarwaɗa, haƙoran tsage, ƙugiyoyin mamari da kututturan da ke ɓoye a ruwa duk abokan gabar roba ne. Ranar Dendi tana cin roba. Ba a hura wuta a cikinsa, ba ya ɗaukar buhun shinkafa goma ranar da ba a su, kuma in ya lalace babu kafintan da zai gyara shi da allo da ƙusa. Jirgin katako da safe na su ne, da rana na gona, ranar kasuwa na haya.

Wannan aiki na uku, wato haya, shi ne ya rinjayi sauran a 'yan shekarun nan. Kotun Duniya ta raba gardamar iyaka tsakanin Benin da Nijar a ranar 12 ga Yulin 2005, ta bi mafi zurfin hanyar jirgi, ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Hukuncin ya kwantar da rikicin da ya faro tun 1960. Amma rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan toshe gadar Malanville bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sun mayar da mutane da kaya kan ruwa kamar zamanin fatake. Fasinjan bas ya sauka a wannan gaɓa, ya hau kwalekwale da jakarsa, ya kama wata motar a waccan. Masunta da yawa sun ga kuɗin fito ya fi na kifi tabbas, sai aka cire dandamalin birgi aka jera benci, aka ƙara allo a gefe, aka sayi inji mafi ƙarfi.

A nan ne gyaran da ido kawai ake auna shi yake da haɗari. Ƙara allo a gefe yana sa jirgi ya ɗauki kaya fiye da da, amma ba ya ƙara wa ƙasansa ƙarfi ko faɗi. A Fabrairun 2019 jirgin 'yan kasuwa da ya taso daga yankin Karimama zuwa kasuwar Ouna ta Nijar ya kife, gomman mutane suka rasu. A Mayun 2021 wani ya rabe biyu kusa da Wara a Jihar Kebbi ɗauke da mutum fiye da 100. Kafintocin bakin kogi sun san iyakar abin da suka ƙera, sun san allon da ya kamata a canza da layin da bai kamata ruwa ya wuce ba in an yi lodi. Da hukumomin ƙasashen uku za su zauna da su da sarakunan ruwa, a sa wa kowane jirgin haya alamar iyakar lodi a jikinsa, a kuma wajabta rigar ceto a tashoshin Malanville, Gaya, Madekali da Lolo, da kuɗin da za a kashe ba zai yi yawa ba.